Ina motocin tasi suke shiga a daren da gari ya cika?

Ummu Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da nake son a yi mini bayaninsa, musamman direbobin da ke cikin zauren nan. Da rana tsaka tasi za ta dinga bin mutum da hon ko bai tsayar da ita ba. Amma a daren da gari ya cika, an tashi daga babban taro ko filin ƙwallo, ko ruwa ya tsuge, sai mutum ya tsaya bakin titi har hannunsa ya gaji da ɗagawa. Wadda ta zo a cike take. Wadda ba kowa a ciki ta rage gudu, direba ya tambayi inda za ka, kana faɗa ya ja motarsa. A manhajar waya ma haka ne, direba ya karɓa, ya kira, yana jin sunan unguwar ya soke. Ni a ganina daren da fasinja ya yi yawa ai shi ne daren samu. To ina motocin suke shiga?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Ba inda suke shiga Hajiya, zaɓe suke yi. Sun ga mun yi yawa, sun san dole mu koma gida, shi ya sa suke neman wanda zai biya ninki ko wanda tafiyarsa ba nisa. Son zuciya ne kawai, a kira abu da sunansa.

Anti Nas:
Ummu Hanif kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mu masu aikin dare a asibiti ba yawo muka fita ba. Ka miƙa aiki ga wanda ya karɓe ka, ƙafafunka sun kumbura saboda tsayuwa, ka fito kuma ka sake wata tsayuwar a bakin titi. Ina jiran amsar direbobi.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗan Birni, ba zan ce babu masu son zuciya a cikinmu ba, akwai su. Amma ku ba ni aron kunnuwanku, don furfurata a kan sitiyari ta fito.

Motocin suna nan, a cikin gosulo suke. Daren da kuka yi yawa a bakin titi, ba ku kaɗai kuka yi yawa ba, masu motocin kansu ma duk sun fito. Tafiyar da nake yi cikin kwata da rana, a irin wannan daren sai ta cinye mini kusan awa. Da rana cikin awa ɗaya sai in yi sawu uku ko huɗu, da daren sai in yi ɗaya. Mota ɗaya ce, direba ɗaya ne, amma mutanen da zan iya kaiwa gida sun ragu. Ku kuna ganin babu mota, ni kuma ina zaune a ciki mai yana ƙonewa, ba na gaba ba na baya.

Sai maganar inda za a je. Da rana mutane kowace fuska suke nufa, in na sauke wani a can zan samu wani mai dawowa. Da dare kowa daga tsakiyar gari yake fita zuwa gefe. In na kai ki bayan gari Hajiya, wayam zan dawo. Kin biya zuwa, wa zai biya dawowa? Ga balas ɗin mai mota yana jirana da safe, shi bai san an yi ruwa ko an yi gosulo ba. Shi ya sa kike ganin direba yana tambayar unguwa kafin ya buɗe ƙofa. Lissafi yake yi a cikin kansa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsoro. Ku kuna tsoron motar da za ku shiga, mu ma muna tsoron wanda za mu ɗauka. Mutum yana zaune a bayanka, ba ka ganin hannunsa, yana ce maka shiga nan, juya can, har ku kai lungun da ba fitila. Akwai abokan sana'a da aka ƙwace wa mota haka, akwai waɗanda ba su dawo wa iyalinsu ba. Ga mashayi wanda zai ɓata maka kujera ko ya ƙi biya ya nemi faɗa. Kuma wanda ya fito tun asuba, ƙarfe goman dare idonsa ya fara rufewa. In ya tafi gida a lokacin, alheri ya yi muku.

Ummu Hanif:
Allah ya saka da alheri Baba. Maganar dawowa wayam ɗin nan ban taɓa kawo ta a raina ba.

Ɗan Birni:
Baba na ji, kuma ina girmama ka. Amma ai da saninku kuka shiga sana'ar. Likita ba ya zaɓen marar lafiya don ciwonsa mai sauƙi ne.

Baba Direba:
Likita yana da albashi ɗana, ko ya duba mutum ɗaya ko ya duba hamsin. Ni in na yi sawu biyu na asara, daga aljihuna zan cika balas.

Injiniya Bello:
Abin da Baba ya faɗa daga bayan sitiyari, masana tattalin arziki sun daɗe suna musu a kansa, kuma birnin New York suka fi ɗauka misali saboda ana ajiye bayanan tafiye-tafiyen tasi a can. A 1997 wasu masana huɗu, cikinsu har da Colin Camerer da Richard Thaler wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, suka ce direbobi da yawa suna fitowa ne da wani adadi a zuciya. Da zarar sun haɗa shi sai su tashi. Ranar da kasuwa ta buɗe suna haɗa shi da wuri, don haka suna komawa gida da wuri, daidai lokacin da aka fi neman su.

Daga baya Henry Farber na Jami'ar Princeton ya bi bayanan tafiye-tafiyen birnin na 2009 zuwa 2013, ya fitar da sakamakonsa a 2015. Ya tarar lallai motocin da ke kan titi suna raguwa da kusan kashi 7 cikin 100 idan ana ruwa. Sai dai ya ga abin da direba yake samu a awa ba ya ƙaruwa a lokacin ruwan, duk da fasinja ya yi yawa, saboda tafiya ta ragu gudu. Ke nan ba cika aljihu ne ya mayar da su gida ba. Tuƙi ne ya ƙara wahala da haɗari, kuma ba a ƙara musu komai a kai ba. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini, kuma ya yi daidai da na Baba.

Baba Direba:
Duka biyun akwai Injiniya. Na san masu tashi da zarar sun haɗa balas da na cefane. Amma ruwa kam, gilashi ya yi hazo, birki ba ya kamawa yadda ya kamata, rami ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa. In ruwa ya shiga inji, mai mota ni zai tuhuma.

Abu Sadik:
To ai an zo inda nake jira. In aikin dare ya fi wahala, ya fi haɗari, kuma kuɗinsa ɗaya da na rana, wane mai hankali ne zai zaɓi dare? A bar kuɗin ya tashi idan fasinja ya yi yawa. Wanda ke kwance a gida zai ga akwai riba ya fito, wanda tafiyarsa ba ta gaggawa ba zai haƙura ya jira. Abin da manhajojin nan suke yi ke nan, mutane suna zaginsu, amma mota mai tsada ta fi babu mota. Kamfanin Uber ma, yadda shi da kansa yake ba da labarinsa, tunanin kafa shi ya zo ne a wani dare na Disamban 2008 a Paris, lokacin da Garrett Camp da Travis Kalanick, waɗanda suka kafa shi, suka rasa tasi. Wannan matsalar da muke magana a kanta ita ta haife shi.

Anti Nas:
Malam Abu Sadik, ka ce wanda tafiyarsa ba ta gaggawa ba zai haƙura. Ba haka abin yake faruwa ba. Wanda ba shi da kuɗi shi ne yake haƙura, ko tafiyarsa ta rai da mutuwa ce. Wanda ya fito shaƙatawa da aljihu cike zai danna ya biya ninki uku ko a jikinsa. Mai shara a asibiti, mai gadi, mai wanke kwanuka a otal, matar da ta kwana jinyar ɗanta, su ne za su rage a bakin titi. Tsadar ba ta tambayar wa ya fi buƙata, wa ya fi kuɗi take tambaya. Kuma albashinmu ba ya ninkuwa don an yi ruwa.

Zainab A.:
Gaskiya ne Anti. Ku tuna abin da ya faru a Sydney ta Ostareliya a Disamban 2014, lokacin da wani ɗan bindiga ya yi garkuwa da mutane a wani shagon shan kofi a tsakiyar birnin. Jama'a suna neman hanyar tsira daga yankin, kuɗin Uber ya tashi har ninki huɗu, saboda na'ura ba ta san dalilin yawan masu nema ba. Sai da kamfanin ya ba da haƙuri ya mayar wa mutane kuɗinsu. In aka bar abin ba linzami, nan yake kaiwa.

Abu Sadik:
Wannan halin gaggawa ne, kuma na yarda a sa iyaka a irinsa. Amma ku ba ni amsa: in ba a ƙara kuɗin ba, me zai fito da direba?

Injiniya Bello:
Akwai tsaka-tsaki. A Tokyo ƙarin kuɗin dare sananne ne, kashi 20 cikin 100 daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, mita ce take lissafa shi. Direba ya san abin da zai samu, fasinja ya san abin da zai biya tun kafin ya bar gida. Ba ciniki, ba mamaki. Amma kada a ɗauka ya kashe matsalar, don Japan ɗin ma ƙarancin direbobi ya sa a Afrilun 2024 suka fara barin masu motocin kansu su ɗauki fasinja a wasu yankuna da wasu sa'o'i, ƙarƙashin kulawar kamfanonin tasi.

Matashin Direba:
Salam. Ni a manhaja nake aiki, bari in amsa maganar sokewa da Hajiya ta kawo. Sau da yawa ba na ganin inda fasinja za shi sai na karɓa. Sai in yi tafiya mai nisa in ɗauko shi a kan maina, ba wanda ya biya wannan. Na ɗauko shi, kamfani ya cire kamashonsa, abin da ya rage in aka fitar da mai wani lokacin bai kai ladan wahalar ba. Shi ya sa muke kira mu tambaya. Ƙarin kuɗin da kuke gani a wayarku ma ba duka yake shigowa hannunmu ba. Na san babu daɗi mace tana tsaye ita kaɗai da dare a soke mata mota, wallahi na sani. Da za a nuna mana inda za a je tun farko, wanda hanyar ta yi masa shi zai karɓa, ba a ɓata wa kowa lokaci ba.

Ɗan Birni:
In aka nuna muku, mu 'yan bayan gari ba wanda zai taɓa karɓar namu. A New York doka ta hana direban tasi mai ruwan ɗorawa ƙin kai fasinja ko'ina a cikin gundumomi biyar na birnin. A Landan ma baƙar tasi in ta tsaya maka dole ta kai ka matuƙar tafiyar ba ta wuce mil 12 ko awa ɗaya ba a cikin birnin. Lasisi amana ce. An ba ka damar ɗaukar jama'a, an hana wasu, to ka ɗauki jama'ar duka.

Baba Direba:
Wannan maganar taka ta fi ta farko ƙarfi, kuma ban ƙi ta ba. Lasisi amana ce. Amma dokar da ta ce dole in kai ka, sai ta duba dawowata da tsaron raina. In ba haka ba, direba ba zai karya doka ba, zai kashe fitilarsa ne ya tafi gida tun magariba, kuma ba dokar da za ta fito da shi daga ɗakinsa.

Zainab A.:
Ni tambayata, me ya sa ba za a ƙara yawan motocin ba kawai?

Injiniya Bello:
Don a birane da yawa gwamnati ce take ƙayyade adadin. New York ta fara haka da dokar Haas a 1937, kuma har yau lambobin izinin tasi mai ruwan ɗorawa ba su wuce kusan 13,500 ba a birnin da ke da mutum sama da miliyan 8. Ƙarancin ya sa lambar ta zama kadara, har kuɗin guda ɗaya ya haura dala miliyan ɗaya wajen 2013 zuwa 2014. Wanda ya ci bashi ya saye ta ba zai so a ƙara ko ɗaya ba. Da motocin manhaja suka cika gari darajarta ta faɗi warwas, direbobi da dama suka rage da bashin da ba za su iya biya ba, har wasu suka kashe kansu a 2018. A Landan kuma ba adadi aka ƙayyade ba, jarrabawa ce shingen. Mai son tuƙa baƙar tasi sai ya haddace tituna kusan 25,000 da ke cikin mil shida daga Charing Cross a tsakiyar birnin, abin da kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu.

Ireland ta gwada buɗe ƙofa. Kafin Nuwamban 2000 tasi a Dublin ba su kai 3,000 ba, dogayen layukan dare a lokacin Kirsimeti sun zama abin magana. Bayan hukuncin kotu aka cire iyakar, cikin shekara biyu adadin ya ninka kusan sau uku. Jira ya ragu sosai, wannan gaskiya ne. Tsofaffin direbobi kuma suka yi ta zanga-zanga saboda lasisin da suka saya da tsada ya zama takarda.

Baba Direba:
To Injiniya, in aka ƙaro motocin da za su ishi daren da gari ya cika, me za su ci ranar Talata da hantsi? Daren cikar nan sa'o'i kaɗan ne a mako. Sauran kwanakin sai mu yi ta zagaye muna rububin fasinja ɗaya. Kuma duk motar da aka ƙaro, a cikin gosulon nan dai za ta shiga ta ƙara shi.

Injiniya Bello:
Nan ne gizo ke saƙar Baba, kuma shi ya sa ni ban yarda tasi za ta iya warware wannan ita kaɗai ba, ko da ninki nawa aka biya. Filin wasa ya sako mutum dubu hamsin a lokaci guda, tasi tana ɗaukar uku ko huɗu, ku yi lissafin motocin da ake buƙata da titin da zai ɗauke su. Bas ɗaya tana kwashe abin da tasi goma sha biyar za su ɗauka. Kuma ku lura, a birane da yawa tasi tana fara wuya ne daidai lokacin da bas da jirgin ƙasa suka tashi daga aiki, sai duk nauyin garin ya faɗo kan ƙananan motoci. Landan ta fara gudanar da jirgin ƙarƙashin ƙasa dare farai a ranakun Juma'a da Asabar daga Agustan 2016, ga motocin bas na dare da suka daɗe da su. Na New York kuwa ba ya tsayawa dare da rana. Idan manyan hanyoyi suna da bas har tsakar dare, tasi sai ta koma aikinta na gaskiya, daga tasha zuwa ƙofar gida, da marar lafiya, da tsoho, da mai kaya. Gajeren sawu ne, direba ba ya dawowa wayam daga nesa.

Abu Sadik:
Wa zai biya bas ɗin da za ta yi ta yawo ƙarfe biyun dare da mutum biyar a ciki?

Anti Nas:
Wanda yake biyan fitilar titi da take ci ƙarfe biyun dare. Garin da yake son asibitinsa a buɗe, a share masa titi kafin gari ya waye, a gasa masa abin da zai karya da shi, ai ya san mutane ne suke yi. Sai ya san yadda za su je su dawo.

Abu Sadik:
Ban ƙi ba Anti, amma kafin a samu wannan, ƙarin kuɗin dare ne abin da za a iya yi gobe.

Zainab A.:
Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da mutum yake yi idan ya gaji da jira. Sai wata mota da ba fenti ba lamba ta tsaya, ka san bai kamata ka shiga ba, amma dare ya yi, batirin waya ya kusa mutuwa. A nan miyagu suke samun mutane. Don Allah 'yan uwa, ko an gaji a duba lambar mota a tura wa wani a gida, kuma in manhaja ce a tabbatar lambar da fuskar direban sun yi daidai da abin da waya ta nuna kafin a buɗe ƙofa.

Matashin Direba:
Ƙarin shawara daga wajenmu: kada ku tsaya a bakin ƙofar wurin taron. Ba direban da yake son kutsawa cikin wannan cunkoson, in ya shiga fita aiki ne. Ku taka zuwa titi na biyu ko na uku, ku tsaya a hannun da ya nufi inda za ku, don kada sai ya yi kwana. In kun samu masu hanya ɗaya ku haɗu, dogon sawu da mutum uku ya fi sauƙin karɓa. Wanda kuma zai iya fita kafin a tashi ko ya dakata rabin awa bayan an watse, ya huta.

Anti Nas:
Shawara ce mai kyau ga namiji ko masu tafiya a rukuni. Mace ita kaɗai ba za ta bar wurin da yake da haske da jama'a ta shiga titi na uku ba ƙanena. Mu dai abin da nake gani zai fi mana shi ne mu haɗu mu huɗu masu unguwa ɗaya mu yi shatar mota ta wata-wata, kafin mu ga ko wurin aiki zai amince ya ɗauki nauyin motar ma'aikatan dare. Baba, in aka zo wa direba da irin wannan, me zai sa ya karɓa kuma ya riƙe alkawari ko da daren da ake rububinsa?

Baba Direba:
Zai karɓa 'yata, don kuɗin da aka tabbatar ya fi wanda ake fata, kuma ya san waɗanda ke zaune a bayansa. Ku nemi wanda gidansa yake ɓangarenku, sai ku zama sawunsa na ƙarshe, kun ga babu maganar dawowa wayam. Ku tsayar da lokaci ɗaya da wuri ɗaya. Ku yi magana tun farko a kan jira, minti nawa ne kyauta, daga ina ake fara lissafi, don aikinku na san ba kullum ake tashi a kan lokaci ba. In za ku makara ku kira shi tun da wuri ya samu ya yi wani ɗan sawu a kusa. Ku biya shi mako-mako, kada ku bari ya taru. Kuma ku sa ya haɗa ku da abokin sana'arsa guda wanda ya yarda da shi, ku san fuskarsa da lambar motarsa, saboda ranar da tasa motar za ta kwana a gareji.